Tamostat Mai Ƙwaƙwalwa: Ribarsa, Yadda Ake Haɗa Shi Da Yadda Ake Gyaransa

A watan Janairu na shekarar 2014 ne kamfanin Google na ƙasar Amurka ya ba da sanarwar sayen wani ƙaramin kamfani mai suna Nest Labs a kan tsabar kuɗi dala miliyan 3,200. A lokacin kamfanin bai cika shekara huɗu da kafuwa ba, kayan da yake sayarwa kuwa iri biyu ne kacal, wato na'urar gargaɗin hayaƙi da kuma wata 'yar na'ura mai kama da faifai da ake mannawa a bangon ɗaki domin daidaita zafi da sanyi. Wannan ta biyun ita ce tamostat, sunan da ba baƙo ba ne ga makanikan mota da masu gyaran firiji a ƙasar nan, domin kuwa a cikin injin mota da cikin firiji akwai irinsa, kuma aikinsu ɗaya ne: auna zafi, sannan a kunna ko a kashe wani abu gwargwadon abin da aka auna.

Bambancin na zamani shi ne an sa masa 'yar ƙaramar kwamfuta a ciki, an kuma haɗa shi da intanet. Saboda haka yana iya lura da lokacin da mutanen gida ke fita da lokacin da suke dawowa, ya rage aikin na'urar sanyaya ɗaki ko ta ɗumama shi idan babu kowa, mai gida kuma ya ba shi umurni ta wayar hannu ko da yana wani gari. Cinikin Google ya buɗe idon manyan kamfanoni. A shekarar 2021 kamfanin Generac mai ƙera janareta ya sayi kamfanin ecobee na birnin Toronto a ƙasar Kanada a kan kuɗin da zai iya kaiwa dala miliyan 770, kuma a wannan shekarar ce kamfanin Amazon ya fito da nasa a kan farashin da bai kai dala 60 ba.

Tun daga ranar 3 ga watan Afrilu na shekarar 2024, lokacin da Hukumar Kula da Harkokin Wutar Lantarki ta Nijeriya, NERC, ta ɗaga farashin wuta ga masu rukunin A daga ƙasa da Naira 70 zuwa Naira 225 a kan kowane yunit, maganar rage shan wuta ta zama ta kowane mai otal da mai ofis da mai babban kanti. Duk da ragin da aka yi zuwa Naira 206.80 a watan Mayu na shekarar, kuɗin ya ninka na da sau uku. Ga kuma tsadar man fetur tun bayan cire tallafi a watan Mayu na 2023. A irin wannan hali duk na'urar da aka ce tana rage kuɗin wuta za ta samu kasuwa. Sai dai kuma wanda ya sayi wadda ba ta dace da gidansa ba ya yi asarar kuɗinsa, wanda ya haɗa ta ba bisa ƙa'ida ba kuwa yana iya ƙona iyakwandishan da ya ninka ta tsada.

Asalin na'urar

A shekarar 1883 wani malamin makaranta a Jihar Wisconsin ta Amurka, Warren Johnson, ya yi rajistar tamostat na ɗaki mai aiki da lantarki, bayan shekara biyu kuma ya kafa kamfanin da daga baya ya zama Johnson Controls. A daidai wannan zamani Albert Butz na birnin Minneapolis ya ƙirƙiro na'urar da ke buɗe ƙofar iskar murhun gawayi da kanta idan ɗaki ya yi sanyi, kuma daga wannan sana'a tasa ne kamfanin Honeywell ya samo tushe. A shekarar 1953 Honeywell ya fito da zagayayyen tamostat ɗinsa wanda ya shiga miliyoyin gidaje.

Daga baya aka samu masu agogo, waɗanda mai gida ke tsara wa lokutan aiki da hannunsa. An yi zaton za su rage shan wuta ƙwarai, amma sai aka tarar mutane da yawa ba sa tsara su saboda wuyar sha'aninsu. Wannan ya sa shirin Energy Star na gwamnatin Amurka ya daina ba irin waɗannan na'urori tambarinsa a ƙarshen shekarar 2009. Wannan giɓi ne Tony Fadell da Matt Rogers, tsofaffin injiniyoyin kamfanin Apple, suka hango da suka kafa Nest a shekarar 2010. Tamostat ɗinsu na farko ya shiga kasuwa a 2011 a kan dala 249, kuma an yi shi ne ya koyi al'adar gida da kansa cikin kimanin mako guda, ta hanyar lura da yadda ake murɗa shi safe da yamma.

Nawa yake ragewa

A shekarar 2015 kamfanin Nest ya bayyana sakamakon binciken da ya nuna cewa masu amfani da na'urarsa sun rage kashi 10 zuwa 12 cikin ɗari na kuɗin ɗumama gida, da kimanin kashi 15 na kuɗin sanyaya shi. Shirin Energy Star kuwa, wanda ba shi da hajar sayarwa, ya ƙiyasta ragin a kan kimanin kashi 8 cikin ɗari, wato wajen dala 50 a shekara ga matsakaicin gida a Amurka. Ɗan kasuwa mai hankali zai gina lissafinsa ne a kan ƙaramin adadin.

Abin lura shi ne na'urar ba ta sa iyakwandishan ya ƙara inganci. Ragin yana zuwa ne ta hanya biyu kawai: kashe shi lokacin da babu mai buƙata, da hana a sauke sanyin fiye da kima. Hukumar kula da tattalin makamashi ta ƙasar Indiya ta ƙiyasta cewa ƙarin digiri ɗaya a ma'aunin Salshiyas yana rage shan wuta da kimanin kashi 6 cikin ɗari, kuma bisa ga haka ne ta wajabta cewa daga ranar 1 ga Janairu na 2020 sababbin na'urorin sanyaya ɗaki su fito daga masana'anta a saite a kan digiri 24. Ƙasar Japan ma tun shekarar 2005 ta fara yekuwar a bar sanyin ofisoshi a kan digiri 28. Al'adar nan ta danna rimot zuwa digiri 16 da zarar an shiga ɗaki ba ta sa sanyi ya zo da wuri. Abin da take haifarwa shi ne kwampreso ya yi ta aiki babu hutu, domin a tsakiyar bazara da wuya ɗaki ya taɓa sauka zuwa wannan mataki.

Alal misali, a ƙaddara iyakwandishan mai shan kilowat 1.1 yana aiki awa 8 kullum ba tare da kwampreso ya huta ba. A wata zai sha yunit 264, wanda a kan Naira 200 ya kama Naira 52,800. Ragin kashi 10 cikin ɗari zai zama Naira 5,280 a wata. Ga ofis mai irin waɗannan guda goma, ragin ya kai Naira 633,600 a shekara. Da wannan lissafi ne mai saye zai auna farashin na'urar, ya ga watanni nawa za ta ɗauka kafin ta biya kanta. Ya kamata kuma a tuna cewa gidan da ba ya rabo da mutane dare da rana ba zai ga ragi mai yawa daga kashewa lokacin fita ba. Inda ribar ta fi fitowa shi ne ofis da kanti da ɗakin otal, wuraren da ake mantawa da iyakwandishan a kunne bayan an tashi aiki ko bayan baƙo ya fita.

Wace na'ura ta dace da wane gida

Masu iya magana sun ce ba a cinikin biri a sama, kuma a nan ne masu saye suka fi yin kuskure. Tamostat irin na Nest da ecobee da Honeywell da ake sayarwa a Amurka da Kanada an yi su ne domin tsarin gidajen can, inda babbar na'ura guda ɗaya ke hura iska mai zafi ko mai sanyi ta cikin bututu zuwa dukkan ɗakuna. A wannan tsari ana sarrafa na'urar da sirarun wayoyi masu ɗauke da wuta mai ƙarfin bolt 24 kacal, wadda wata ƙaramar taransifoma ke samarwa. A Turai kuwa akasarin gidaje tukunyar ruwan zafi suke amfani da ita, shi ya sa kamfanoni irin su tado na birnin Munich a Jamus da Hive na Ingila suke ƙera nasu daban.

A Nijeriya mafi yawan gidaje da ofisoshi iyakwandishan mai gida biyu suke da shi, rabi a jikin bango a ciki, rabi a waje, ana kunna shi da rimot, yana kuma aiki da wuta mai bolt 230. Irin wannan ba shi da wurin da za a ɗaura wayoyin bolt 24, saboda haka tamostat ɗin Amurka ba shi da abin da zai yi masa. Abin da ya dace da shi wata 'yar na'ura ce da ke kwaikwayon rimot, wato tana aika masa umurni da irin hasken nan da ido ba ya gani, ita kuma tana karɓar nata umurnin daga wayar hannu. Sensibo da Cielo da tado na daga cikin masu ƙera ta. Haka kuma yawancin sababbin iyakwandishan na manyan kamfanoni suna zuwa da Wi-Fi a cikinsu ko da wurin sa shi, don haka yana da kyau a bincika kafin a kashe kuɗi a kan abin da ake da shi.

Kashi na uku shi ne na manyan otal-otal da benayen ofisoshi masu amfani da ruwan sanyi daga babbar na'ura, inda kowane ɗaki ke da fankarsa a cikin silin. Tamostat ɗin da ke bangon irin waɗannan ɗakuna galibi yana ɗauke da cikakkiyar wutar gida. Ɗaura na'urar bolt 24 a kan waɗannan wayoyi zai ƙone ta nan take, yana kuma iya jawo gobara. Alamar da ake ganewa ita ce kaurin wayoyin da rubutun bolt 120 ko 220 ko 240 a bayan murfin. Duk inda aka ga haka, aikin na ƙwararren mai gyaran wuta ne, kuma sai a nemi tamostat da aka ƙera domin wannan ƙarfin. Har ila yau akwai wasu manyan na'urori na zamani, kamar samfurin Infinity na kamfanin Carrier, waɗanda ke magana da tamostat ɗinsu ta wani tsari na kansu, ana gane su da haruffan A, B, C da D a wurin ɗaurin waya. Su ma ba sa karɓar na wani kamfani kai tsaye.

Matakan haɗawa

Ga wanda yake da tsarin bolt 24, ko a ƙasashen waje ko a cikin gidajen da aka shigo musu da irin wannan na'ura, aikin ba ya wuce awa guda idan an bi shi daki-daki. Mataki na farko shi ne kashe wutar na'urar daga babban makunnin gida, a kuma tabbatar ta mutu ta hanyar ƙoƙarin kunna ta. Bolt 24 ba ya kisa, amma idan wayoyi biyu suka haɗu da wuta a jikinsu fiyus zai ƙone, wani lokaci har da taransifoma.

Bayan an cire murfin tsohon tamostat, kafin a kwance ko da waya ɗaya, sai a ɗauki hotonsu yadda haruffan da ke jikin kowane maɗauri za su fito sarai, sannan a manna wa kowace waya takarda mai harafinta. Harafin R shi ne mai kawo wuta, a wasu gidajen an raba shi biyu zuwa Rh da Rc. W na ɗumamawa ne, Y na kwampreso, G na fanka, C kuma shi ne hanyar da wutar ke komawa. A na'urar da ke sanyayawa ta kuma ɗumama da kwampreso ɗaya, akwai O ko B mai juya aikinta. Kada a dogara da launin waya, domin mai aikin farko yana iya amfani da duk launin da ya samu a hannunsa. Harafin da aka ɗaura ta a kai shi ne shaida.

Yana da kyau a naɗe wayoyin a jikin fensir domin kada su zurare cikin bango. Daga nan sai a kafa faifan sabuwar na'urar a miƙe, a toshe ramin da wayoyin suka fito, saboda iskar da ke bi ta cikinsa tana ruɗar ma'auni. Kowace waya a fere mata kimanin santimita ɗaya, a miƙar da bakinta, a tura ta har ƙarshen maɗaurinta, a ɗan ja ta a ji ta kama. Guntuwar wayar da ke haɗa Rh da Rc a tsohon tamostat ba a mayar da ita a yawancin sababbin, amma takardar kamfani ce za ta yanke hukunci. Bayan an mayar da wuta sai a gwada fanka da sanyi da ɗumi ɗaya bayan ɗaya, kafin a shiga maganar intanet.

Idan tsohon da aka cire yana da 'yar kwalba mai ruwan azurfa a ciki, to zaiba ce, kimanin giram 3 a kowace kwalba, kuma guba ce. Ba a fasa ta, ba a jefa ta a bola inda yara za su tsinta.

Wurin da aka kafa na'urar ma yana da nasa tasiri. Abin da ya fi shi ne bangon cikin gida, a tsayin kimanin mita ɗaya da rabi daga ƙasa, nesa da hasken rana da taga da ɗakin girki da talabijin da bakin da iska ke fitowa. Tamostat da rana ke duka da yamma zai ɗauka duk gidan ya yi zafi, ya sa kwampreso aikin da babu buƙatarsa.

Matsalar wayar C

Mafi yawan ƙorafin masu wannan na'ura daga rashin wayar C yake tasowa. Tsohon tamostat makunni ne kawai, ba ya buƙatar wutar kansa, don haka magina da yawa ba su ja masa wannan waya ba. Na zamani kuwa yana da allo da Wi-Fi da ke cin wuta dare da rana. Inda babu C, wasu samfura kan tsotsi wuta kaɗan-kaɗan ta wayar Y ko W su cika batirinsu. A wasu gidajen dabarar tana tafiya lafiya. A wasu kuwa wannan 'yar wutar ta isa ta ruɗi na'urar, a riƙa jin ƙaras-ƙaras, ko fanka ta tashi babu dalili, ko kwampreso ya riƙa kamawa yana saki, wanda shi ne abin da ya fi saurin kashe shi. Wata alamar ita ce yawan katsewa daga intanet, domin idan batir ya yi ƙasa Wi-Fi ne na'urar ke fara kashewa.

Magani na farko shi ne a leƙa cikin ramin bangon, domin sau da yawa akwai wayar da ba a yi amfani da ita ba an lanƙwashe ta a baya. Idan an same ta, sai a ɗaura ɗaya bakin a maɗaurin C na allon babbar na'urar. Idan babu, kamfanin ecobee yana sa wani ɗan akwati a cikin kwalin wasu samfuransa wanda ke ba da damar wayoyi huɗu su yi aikin biyar, Google ma yana sayar da makamancinsa. Akwai kuma ƙaramar taransifoma ta bolt 24 da ake sa wa a soket. A nan wajibi ne a yi hattara: wadda aka sayo daga Amurka an yi ta ne domin bolt 120, idan aka sa ta a soket ɗin Nijeriya za ta ƙone.

Sauran matsaloli da maganinsu

Idan an gama haɗawa allo bai kawo ba, a fara da duba babban makunni. Sannan a duba murfin babbar na'urar, domin yana da makunnin kariya da ke yanke wuta muddin bai rufu sosai ba. Bayan haka a duba fiyus da ke kan allonta, wanda yawanci irin na mota ne mai amfiya 3 ko 5. Idan an canja ya sake ƙonewa, akwai wayoyin da ke taɓa juna, kuma sa fiyus mafi girma neman ƙona taransifoma ne. Mai mitar awon wuta zai iya aunawa tsakanin R da C, inda ya kamata a ga kusan bolt 24. Wani abin da kan ɓoye wa mutane shi ne bututun da ke zubar da ruwan iyakwandishan. Idan ya toshe, ruwa ya taru, akwai makunnin da ke yanke wutar domin kada silin ya jiƙe, sai a yi ta zargin tamostat alhali datti ne a bututu.

Idan an nemi sanyi sai iska mai zafi ta fito, saitin O da B ne ya juye. Yawancin kamfanoni suna bin tsarin O, amma Rheem da Ruud na B suke bi, kuma gyaran a cikin manhaja ake yinsa ba tare da an taɓa waya ba. Idan kuma an kunna sanyi kwampreso bai tashi nan take ba, wannan ba lalacewa ba ce. Jinkiri ne na minti uku zuwa biyar da aka sa da gangan domin matsin gas ya daidaita. A ƙasar da ake yawan ɗauke wuta ana juyawa zuwa janareta, wannan jinkiri shi ne garkuwar kwampreso, bai kamata a rage shi ba.

Game da ƙin kama intanet, da yawa daga cikin waɗannan na'urori, musamman masu araha, zangon Wi-Fi na 2.4 kawai suke gani, ba sa ganin na 5. Sai a tabbatar an buɗe shi a akwatin intanet na gida. Wanda ya canja kalmar sirri ko ya sauya akwatin, dole ya sake gabatar da na'urar.

Ita kuwa mai kwaikwayon rimot, sharaɗinta shi ne ta riƙa hangen iyakwandishan kai tsaye, babu labule ko kabad a tsakani, kada kuma iskar sanyin ta riƙa bugunta. Rauninta shi ne umurni take aikawa ba tare da samun amsa ba. Idan wani ya kashe da rimot ɗin asali ba ta ji ba, ko wuta ta ɗauke ta dawo, manhaja tana iya nuna a kunne alhali a kashe yake. Don haka ana so a san ko iyakwandishan ɗin yana tashi da kansa bayan dawowar wuta, a kuma ɗora akwatin intanet da ita kanta na'urar a kan inbata ko ƙaramin batir. Mai ɗakin ajiyar magunguna da ya dogara da saƙon gargaɗin zafi a wayarsa ya fi kowa buƙatar wannan tanadi, domin lokacin da wuta ta ɗauke ne yake buƙatar saƙon.

Daɗin daɗawa, ƙurar hunturu tana toshe matatar iska cikin 'yan makonni. Toshewar tana sa iyakwandishan ya daɗe yana aiki ba sanyi, har ƙanƙara ta kama bututunsa. Babu tamostat da zai magance wannan, sai wanke matata a kan kari.

Igiyar da ke hannun kamfani

Na'urar da ke rataye da intanet tana da wani haɗarin da tsohuwar ba ta da shi. A watan Janairu na 2016 wani kuskure a sabuwar manhajar Nest ya zuƙe batirin na'urori, mutane a Amurka suka farka cikin tsananin sanyi da tsakar dare. A ranar 30 ga Agusta na 2022 kimanin mutum 22,000 a Jihar Colorado suka tarar ba za su iya sauke zafin gidajensu ba na tsawon wasu awoyi, saboda kamfanin wuta na Xcel Energy ya kulle na'urorinsu sakamakon ƙarancin wuta. Su da kansu suka shiga shirin, inda aka ba su dala 100 da farko da dala 25 duk shekara, amma da yawansu ba su lura da sharaɗin kullewar ba.

Na baya-bayan nan shi ne na ranar 25 ga Oktoba na 2025, lokacin da Google ya yanke hulɗa da samfuran Nest na 2011 da 2012 da kuma na Turai na 2014. Suna ci gaba da aiki idan an murɗa su da hannu, amma ba a iya sarrafa su ta wayar hannu. Wannan ya shafi masu shigo da kayan gwanjo kai tsaye, domin irin waɗannan su ne za su cika kwantena da araha, araha kuwa ba ta ado. Wani haɗarin na gwanjo shi ne na'urar da tsohon mai ita bai cire daga asusunsa ba, wadda kan ƙi karɓar sabon mai gida. Domin rage dogaro da kamfani guda, manyan masana'antun sun amince da wani tsari na bai ɗaya mai suna Matter, wanda ya fito a watan Oktoba na 2022, yana kuma ba na'urorin kamfanoni daban-daban damar aiki tare. Ganin tambarinsa a jikin kwali ƙarin kwanciyar hankali ne ga mai saye.

Ga 'yan kasuwa

Hukumar Makamashi ta Duniya ta bayyana a shekarar 2018 cewa na'urorin sanyaya ɗaki da fankoki suna shan kusan kashi 10 cikin ɗari na dukkan wutar lantarkin duniya, ta kuma yi hasashen yawan iyakwandishan zai tashi daga miliyan 1,600 zuwa miliyan 5,600 kafin shekarar 2050, mafi yawan ƙarin a ƙasashe masu zafi. Kasuwar kayan da ke sarrafa su za ta bi wannan sawu.

Ɗan kasuwar da ke son shiga harkar zai fi samun ciniki a kan na'urar da ke kwaikwayon rimot da kuma tamostat mai bolt 220 na ɗakunan otal, domin su ne suka dace da abin da ke jikin bangon masu saye. Kafin ya yi odar kwantena, ya kamata ya sayi ɗaya ko biyu ya gwada su a kan samfuran iyakwandishan da suka fi yawa a garinsa, ya tabbatar manhajar tana sauka a wayoyin ƙasar nan, ya ga yadda na'urar ke farfaɗowa bayan ɗaukewar wuta, ya kuma nemi bayani a rubuce kan garanti, tun da kamfanoni da yawa suna taƙaita shi ga ƙasar da aka fara sayar da kayan. Haka nan horar da yara biyu ko uku a kan haɗawa da gyara zai kawo kuɗin shiga na daban, ya kuma rage kayan da ake dawowa da su da sunan ba sa aiki. Shi kuma mai otal ko ofis, shawarar ita ce ya fara da ɗaki ɗaya ko biyu, ya rubuta abin da mita ta nuna wata guda kafin haɗawa da wata guda bayanta a yanayi iri ɗaya, sannan ya yanke shawarar sayen sauran a kan abin da ya gani da idonsa.